Idan Tafki Ya Sauya Hannu, Ina Matsayin Masu Tuƙi a Kansa?

Ƙungiyoyi da yawa na masu tuƙin kwalekwalen iska a Ingila da Wales ba a bakin teku suke ba. Suna can cikin ƙasa, a kan tafkunan da aka datse domin ruwan sha ko domin ciyar da hanyoyin jiragen ruwa da aka haƙa, kuma ko kamu ɗaya na ruwan da suke tuƙi a kai ba nasu ba ne. Tafkin Rutland da na Grafham suna hannun kamfanin Anglian Water, na Draycote yana hannun Severn Trent, tafkin Queen Mary da ke yamma da Landan kuwa na Thames Water ne. A kowane ɗayansu akwai ƙungiyar da ta yi shekaru gommai a wurin, tana zaune bisa haya ko bisa izini. Mai wurin yakan sauya ba tare da an nemi ra'ayinta ba, kuma a duk lokacin da hakan ta faru sai wata tsohuwar tambaya ta taso: wanda ya daɗe yana amfani da wurin da ba nasa ba, ya kashe dukiya da ƙarfinsa a kai da yardar mai shi, yana da wani haƙƙi a kan wanda ya saye wurin daga baya?

Kafin a shiga tambayar, ya kamata a ga abin da ƙungiyar take sakawa a wurin. Kwalekwalen iska ƙaramin jirgi ne marar inji, da doguwar sanda a tsakiyarsa wadda ake ɗaura wa faffaɗan ƙyalle. Iska ke tura shi, mutum ɗaya ko biyu ke sarrafa shi da igiya. Shi kansa jirgin ana iya ɗora shi a tirela a kai shi wani wuri. Sauran kayan ba sa ɗaukuwa: gangaren siminti da ake tura jirage cikin ruwa ta kansa, dandamalin katako da ake ɗaure su, ɗakin canza kaya, filin ajiya da aka kewaye da waya. Yawanci da kuɗin shekara-shekara na mambobi aka gina su, tare da tallafi da aikin gayya. A ranar tsere, mambobi ne ke karɓa-karɓa wajen zama cikin jirgin ceto mai inji, cikin sanyi, suna jiran yaron da jirginsa zai kife su tsamo shi. Wanda aka koya wa tuƙi yana ɗan shekara tara, shi ne ke koyar da na bayansa in ya kai ashirin. Wannan gadon koyarwa shi ne mafi tsadar abin da ƙungiyar ta mallaka, kuma ya dogara kacokan a kan ruwan wani.

Sauyin mai wuri ya zo wa waɗannan ƙungiyoyi sau da dama cikin rabin ƙarni. A 1974 aka karɓe yawancin tafkunan daga hannun ƙananan hukumomin birane aka miƙa su ga hukumomin ruwa na yankuna guda 10. A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta mayar da aikin samar da ruwa na waɗannan hukumomi kamfanoni masu zaman kansu, ta sayar da hannun jarinsu. A 2012 tafkunan da ke ciyar da hanyoyin jiragen ruwa, kamar tafkin Brent a arewa maso yammacin Landan, suka bar hannun hukumar gwamnati ta British Waterways suka koma hannun gidauniyar Canal & River Trust. Akwai kuma sauyin da ba ya bayyana a takarda: idan aka saye kamfanin ruwa ɗungurungum, kamar yadda Pennon ya sayi Bristol Water a 2021, sunan mai wuri a yarjejeniya yana nan yadda yake, amma mutanen da ke yanke shawara da lissafin da suke bi sun zama wasu.

Dokar Ingila da Wales ta raba mazauna wuri gida biyu. Ɗan haya yana da haƙƙi a cikin ƙasar kanta har wa'adinsa ya cika, kuma wanda ya saye ta ya saye ta da hayar a kanta. Dokar masu gida da 'yan haya ta 1954 ta ƙara masa kariya idan sana'a yake yi a wurin, kuma kotu ta yanke tun a shekarun 1950, a shari'ar wata ƙungiyar wasan tanis, cewa ƙungiyar wasa ma tana shiga wannan kariya. Irin wannan ɗan haya yana da damar neman a sabunta masa, mai wuri ba zai hana ba sai da ɗaya daga cikin dalilan da dokar ta lissafa, kamar niyyar rushewa a sake gini. Akwai ma wani sharaɗi da ya shafi sabon mai saye kai tsaye: ba zai kafa hujja da cewa shi ne zai zauna a wurin da kansa ba idan bai cika shekara 5 da sayensa ba. Mai izini kuwa ba shi da komai a cikin ƙasar. Izini magana ce tsakaninsa da wanda ya ba shi, kuma a ƙa'ida ba ta ɗaure wanda ya saya daga baya. Inda matsalar masu tuƙi take shi ne sau da yawa hayarsu ta tsaya a ɗan filin da ɗakinsu yake, ruwan kuwa izini ne kawai, domin babu kamfanin da zai ba wani keɓantaccen iko a kan ruwan da gari ke sha. Ƙungiya na iya wayar gari da ɗaki mai kariyar doka a bakin tafkin da ba ta da damar shiga.

Abin da ya faru a tafkin Llanishen, a arewacin birnin Cardiff, ya nuna iyakar inda lamarin kan kai. Hukumar birnin ce ta kammala shi a 1886 domin ruwan sha, kusa da ɗan'uwansa na Lisvane da ya girme shi. Daga baya aka daina shan ruwansa, ya zama wurin kamun kifi da tuƙi, da cibiyar koyar da tuƙin kwalekwale da hukumar birnin ke gudanarwa. A wannan cibiya Hannah Mills ta fara koyo tana 'yar shekara 8, ita ce kuma daga baya ta ci azurfa a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ta ci zinare a Rio da Tokyo. Bayan sayar da kamfanonin ruwa, tafkin ya shiga hannun rukunin Hyder, wanda ya haɗa kamfanin ruwan Wales da na lantarkin kudancin Wales. Da bashi ya yi wa Hyder katutu, kamfanin rarraba lantarki na Western Power Distribution, wanda jarinsa na Amurkawa ne, ya saye shi a 2000. Shekara ɗaya bayan haka aka sayar da sashen ruwan ga Glas Cymru, kamfanin da ba ya raba riba, amma tafkunan biyu suka rage a hannun kamfanin lantarkin. Ke nan tafki ya faɗa hannun mai shi da ba shi da aikin ruwa, kuma a lissafinsa fili ne mai faɗi a unguwa mai tsada.

Kamfanin ya nemi izinin gina gidaje sama da 300 a wurin. Mazauna yankin suka kafa ƙungiyar kare tafkin a 2001, aka shiga jayayya ta fiye da shekara goma a gaban hukumar birni da masu binciken tsare-tsare da kotuna. A 2010 kamfanin ya zubar da ruwan tafkin, yana mai cewa binciken lafiyar madatsar ya buƙaci haka, masu adawa kuma suka ƙi yarda da wannan dalili. Ko ma wane ne ke da gaskiya, tuƙi ya tsaya, cibiyar ta koma gaɓar teku a Cardiff Bay. A 2013 gwamnatin Wales ta ƙi amincewa da ginin, kamfanin ya sayar da wurin ga kamfanin ƙarfe na Celsa, wanda masana'antarsa ke jan ruwa daga Lisvane. A 2016 kamfanin ruwan Wales ya karɓi hayar wurin ta shekara 999, ya gyara madatsar, aka sake cika tafkin, aka buɗe shi ga jama'a a 2023. Yaran da suke da shekarun fara koyo a 2010 sun zama manya kafin ruwan ya dawo.

Akwai wani abu a wannan tarihi da ya cancanci a tsaya a kansa. Kariyar da doka ta ba wurin ta zo ne ta hanyoyi biyu. Gangaren ciyawa na madatsun yana fitar da wasu nau'o'in laimar kwaɗi da ba a cika samu ba, don haka aka ayyana shi wurin da ake kiyayewa saboda kimiyya. Ginin madatsar kuma, hukumar Cadw mai kula da kayan tarihi a Wales ta saka shi cikin gine-ginen da ake karewa a 2009. Dukansu dalilai ne na ƙwarai. Amma mutanen da suka yi shekaru suna koyar da yara a kan ruwan, ba su da wani matsayi mai nauyi irin wannan da za su tsaya a kai. Tsiron da ke gangare yana da suna a littafin doka, duwatsun madatsa suna da suna, dogaron mutane ga wurin ba shi da shi. Wannan giɓi ne na gaske, kuma shi ya sa tambayar ta wuce aikin lauyoyi ta shiga fagen falsafa da addini.

Hujjar sabon mai wuri tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Ya biya kuɗinsa, bai yi wa kowa alkawari ba, kuma in aka ce duk wanda ya ba wani izini ya ɗaure kansa da magadansa har abada, to ba wanda zai sake ba da izini. Tsohon mai wurin da ya bar ƙungiya ta zauna a kan kuɗi kaɗan alheri ya yi, kuma in alheri ya rikiɗe ya zama bashi, ƙungiyoyin gobe ne za su tarar da ƙofa a rufe. Dokar Romawa ta bi wannan hanya: a wurinsu mai saye ba dole ne ya mutunta hayar da mai sayarwa ya bayar ba, ɗan haya sai dai ya bi wanda ya ba shi hayar ya nemi diyya. Dokar farar hula ta Jamus da ta fara aiki a 1900 ta juya wannan, ta tanadi cewa ciniki ba ya karya haya. Saɓanin tsare-tsaren biyu ya nuna cewa amsar ba ta fito daga ma'anar mallaka ita kanta ba. Al'umma ce ke zaɓar wanda zai ɗauki asarar.

Masu neman hujja ga ƙungiyar sukan fara da John Locke, wanda ya ce mutum yana mallakar abin da ya haɗa da guminsa. Sai dai maganar Locke a kan abin da ba shi da mai shi take, tafkin kuwa yana da mai shi tun ranar da aka datse shi. David Hume ya kawo daɗewar riƙo cikin hanyoyin da mallaka ke tabbata, amma ita ma ba ta taimaki wanda duk shekara yake biyan kuɗin haya ba, domin kowane biya shaida ce cewa wurin na wani ne. Fiƙihun Malikiyya ya faɗi haka a fili. Riƙon shekara goma da Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambata yana rufe bakin mai da'awa ne idan yana nan, yana gani, ya yi shiru, mai riƙon kuma yana yi da wurin yadda mai abu ke yi da abinsa. Idan an san asalin shigarsa haya ce ko aro, daɗewa ba ta mayar da wurin nasa. A wannan gaɓa shari'a da falsafa sun haɗu, kuma daidai ne: shekara hamsin na tuƙi ba sa mallaka wa ƙungiya tafki.

Hujjar da ta fi tsayawa da ƙafarta ita ce ta dogaro. Jeremy Bentham ya ɗora mallaka gaba ɗayanta a kan tsammani, wato natsuwar da mutum ke da ita cewa abin da yake hannunsa yau zai same shi gobe, kuma ya ɗauki rushe wannan tsammani a matsayin cuta mai zaman kanta. In haka ne, tsammanin mai saye da na ɗan haya daga tushe guda suke, ba za a ɗaukaka ɗaya zuwa haƙƙi a mayar da ɗayan son rai kawai ba. Masanin dokar Amurka Joseph Singer ya faɗaɗa wannan a wani rubutu na 1988, bayan rufe masana'antun ƙarfe na Youngstown a jihar Ohayo, inda kotu ta ce ba ta sami haƙƙin da ma'aikata da garin za su tsaya a kai ba. Ra'ayinsa shi ne doguwar hulɗa tana haifar da wajibai ko da ba a rubuta su ba, kuma wanda ya ci moriyarta ba zai fice kamar ba a taɓa yin ta ba.

Fiƙihu ya yi wa wannan fage tanadi dalla-dalla, kuma rabe-rabensa suna haskaka matsalar tafki sosai. Malamai sun bambanta mallakar ainihin abu da mallakar amfaninsa. Ɗan haya ya mallaki amfanin har wa'adi ya cika, saboda haka a wurin Malikiyya da jumhurin malamai sayar da gidan da ke cikin haya ya inganta, amma ba ya warware hayar: mai sayarwa ba zai sayar da abin da ya riga ya fita daga hannunsa ba. Mutuwar ɗaya daga cikin masu ƙulla hayar ma ba ta warware ta a wurinsu, saɓanin Hanafiyya. Al-Ƙarafi, a cikin littafinsa al-Furuƙ, ya ƙara wani bambanci tsakanin wanda aka mallaka wa amfani, wanda zai iya ba wani, da wanda aka yarje wa ya amfana shi kaɗai. Wannan ya yi kusa ƙwarai da bambancin haya da izini a dokar Ingila. Amma Malikiyya ba su bar mai izini hannu wofi ba. Wanda aka ara wa fili ya yi gini ba tare da an yanka wa'adi ba, ba a tashinsa kafin lokacin da al'ada ta san ana barin irinsa sai an biya shi abin da ya kashe. Bayan lokacin ya wuce, mai fili yana da zaɓi: ya sa shi ya kwashe gininsa, ko ya biya shi ƙimar kayan ginin a rushe. Ke nan haƙƙin mai aro yana da girma a farko, yana raguwa gwargwadon yadda ya ci moriyar abin da ya kashe, kuma wannan ma'auni ne mai adalci da za a iya ɗorawa a kan gangaren siminti da aka zuba bara da wanda aka zuba shekara arba'in da suka wuce.

Haka batun alkawari. Sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya shi ne alkawari yana zama dole, har alƙali ya tilasta shi, idan an ɗaura shi a kan wani dalili kuma wanda aka yi wa ya riga ya shiga ɗawainiya saboda shi, kamar wanda aka ce wa ya rushe gidansa za a ranta masa kuɗin sake ginawa, ya kuwa rushe. Al-Haɗɗab, malamin ƙarni na 16, ya rubuta littafi sukutum a kan irin waɗannan wajibai da mutum ke ɗora wa kansa. Jami'in kamfanin ruwa da ya ce wa ƙungiya ta ci gaba da gina sabon ɗaki, ba wanda zai tashe ta, ya yi irin wannan magana. Dokar Ingila ma tana da ƙa'idar da ke hana mai ƙasa janye tabbacin da ya bayar bayan wani ya yi asara saboda shi, kodayake kotuna suna tsaurarawa idan hulɗar ta kasuwanci ce. Wannan nauyi a kan mai sayarwa yake da farko. Shi ne ya yi maganar, shi ne kuma yake da damar rubuta ta cikin sharuɗɗan ciniki, ko da hakan zai rage masa farashi. In ya yi shiru ya karɓi cikakken kuɗi, ya sayar da wani abu da ya riga ya bayar. Mai saye kuma da ya zagaya wurin ya ga jirage a jere da yara cikin rigunan ceto ba zai ce bai san da su ba.

Har yanzu duk wannan zai iya zama magana a kan kowane fili. Tafki yana da wani abu da ya bambanta shi. Kusan babu babban tafki a Birtaniya da aka samu ta hanyar ciniki na son rai kaɗai. Majalisa ce ke ba da ikon karɓar ƙasa dole, da sunan maslahar jama'a. Domin a yi tafkin Rutland a shekarun 1970 an rushe ƙauyen Nether Hambleton da yawancin Middle Hambleton. Domin birnin Liverpool ya sami ruwa, an nutsar da ƙauyen Capel Celyn a Wales a 1965, bisa dokar majalisa ta 1957, duk da adawar kusan dukkan 'yan majalisar da ke wakiltar Wales. Ƙasar da aka raba mutane da ita da hujjar amfanin kowa tana ɗauke da wannan hujjar duk hannun da ta shiga. Majalisa ma ta amince da wani ɓangare na wannan: dokar masana'antar ruwa ta 1991 ta ɗora wa kamfanonin ruwa wajibin buɗe ruwa da ƙasarsu domin shaƙatawa gwargwadon yadda zai yiwu. Rauninta shi ne wajibin yana kan kamfanin ruwa, ba ya bin tafkin idan ya koma hannun wanda ba kamfanin ruwa ba, kamar yadda aka gani a Llanishen.

A Musulunci ruwa yana da matsayi na musamman. Hadisin da Abu Dawud da Ibn Majah suka ruwaito ya sanya shi cikin abubuwa uku da mutane ke tarayya a kansu, tare da ciyawa da wuta. Bai kamata a ja wannan ya wuce inda malamai suka kai shi ba. Haƙƙin da suka fi ƙarfafawa na ƙishirwar mutum da dabba ne, ruwan da aka tara da aiki da kuɗi kuwa ana mallakarsa, kuma tuƙin nishaɗi ba ƙishirwa ba ne. Abin da ya fi kusa da wannan matsala shi ne hukuncin Sayyidina Umar da ke cikin Muwaɗɗa, lokacin da Dahhak ɗan Khalifa ya so ya bi da magudanar ruwa ta gonar Muhammad ɗan Maslama, shi kuma ya ƙi. Umar ya tilasta shi, saboda abin zai amfani ɗan'uwansa ba tare da ya cutar da shi ba. An ruwaito cewa Imam Malik bai mayar da wannan hukuncin da alƙali zai zartar a ko'ina ba, amma ma'anarsa ta tsaya a matsayin ma'aunin ɗabi'a: hana abin da ba ya rage ka da komai yana buƙatar dalili. Jirgin da iska ke turawa ba ya shan ruwan tafki, ba ya zuba masa mai.

Sai dai ba gaskiya ba ne a ce tuƙi ba ya ɗora wa mai tafki komai. A 2010 aka gano a Grafham wani baƙon jatan lande mai cinye ƙananan halittun ruwa, irin wanda ke iya maƙalewa a jikin jirgi ko rigar da ba ta bushe ba ya bi su zuwa wani tafki. Tun daga nan dubawa da wankewa da busar da kaya suka zama sharaɗi. A shekarar fari kamfani yakan janye ruwa har gangaren siminti ya ƙare a kan taɓo, kuma babu ƙungiyar da ke da hujjar cewa a bar gari da ƙishi domin ta yi tsere. Dokar madatsun ruwa ta 1975 ta ɗora wa mai tafki alhakin lafiyar madatsa da binciken injiniyoyi, in gyara ya buƙaci a sauke ruwa dole a sauke. Rai da ruwan sha suna gaba, kuma ƙungiyar da ta fahimci haka ta fi samun kunnen mai wuri.

Akwai kuma tambayar da dole ƙungiyar ta yi wa kanta. Idan hujjarta ita ce tafki na maslahar jama'a ne, to ƙarfin hujjar yana daidai da yawan jama'ar da ke shiga ta ƙofarta. Tuƙin kwalekwale wasa ne mai tsada, kuma ƙungiyar da ta zama ta 'yan tsiraru masu hali, ta kewaye gaɓa da waya, ba za ta yi magana da sunan kowa ba. Sabon mai wuri da ya zo da shirin buɗe tafkin ga masu iyo da 'yan makaranta da masu yawo a gaɓa yana iya fin ta kusa da manufar da aka gina tafkin dominta. Ƙungiyar da ke karɓar 'yan makarantun unguwa, take da jirage na musamman domin masu buƙata ta musamman, take ba da aron jirgi ga wanda ba zai iya saye ba, ita ce ke da bakin cewa korarta asara ce ga gari. Cibiyar Llanishen ta hukumar birni ce, a buɗe take ga yaran gari, kuma wannan na cikin abin da ya sa jama'a suka tsaya mata.

Daga waɗannan hujjoji, haƙƙin da ya tabbata ga ƙungiya ya gaza mallaka, amma ya fi ladabin sanarwa. A saurare ta kafin a yanke shawara. A cika mata wa'adin da aka yi, rubutacce ne ko wanda aka sa ta dogara da shi. In dole ta tashi, a ba ta lokacin da zai ishe ta neman wani ruwa, wanda a cikin ƙasa ba ya samuwa cikin wata shida, a kuma biya ta abin da ta kashe wanda ba ta gama cin moriyarsa ba. Ƙarin kuɗin haya zuwa farashin kasuwa haƙƙin mai wuri ne, amma ƙarin da aka yi domin a kore ta ba tare da an furta ba yaudara ce. Tsawon wa'adi ma yana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin masu ba da tallafin gine-ginen wasanni sukan nemi shaidar cewa ƙungiya za ta daɗe a wurin kafin su saki kuɗi. Mai wurin da ke sabunta izini shekara ɗaya-ɗaya bai kori kowa ba, amma ya hana gyara, kuma ƙungiyar da ba ta gyara tana rasa mambobi.

Dokar da aka yi a Ingila a 2011 ta ba al'umma damar sa a yi rajistar wurin da yake da muhimmanci a gare su, ta yadda in za a sayar da shi za a dakata har wata 6 su nemi kuɗin taya shi. Ba ta tilasta mai wuri ya sayar musu ba, ba ta aiki idan hannun jarin kamfani aka saya maimakon filin, kuma ba a zartar da wannan sashe nata a Wales ba. Ta yi kama da shuf'a, wato haƙƙin fifiko wajen sayen abin da aka sayar wa wani, ta wata fuska, sai dai ta fi ta rauni, kuma shuf'a ita kanta a Malikiyya ta abokin tarayya ce a cikin mallaka, ba ta kai ga maƙwabci ko ɗan haya ba. Mafi hatsarin lokaci ga kowace ƙungiya shi ne sa'ad da tafki ya daina zama na ruwan sha. Muddin gari na shan ruwan, kamfani yana da dalilin riƙe shi cike, wajibin dokar 1991 kuma yana kansa. Da zarar an cire shi daga aiki, kuɗin kula da madatsa yana nan, kuɗin shiga babu, filin kuma yana da masu so. A wannan lokacin ne ya kamata a rubuta sharaɗin amfanin jama'a a jikin takardar filin, ko a miƙa shi ga gidauniya ko hukumar da aikinta ke nan, tun yana hannun wanda wajibin ya hau kansa.